Yaron da Ya Fi Kowa Ladabi a Layinmu

Shekara uku cur na yi ina karɓar yabon da ba nawa ba. Ɗana na fari, wanda aka sa wa sunan surukina, shi ne abin misali a layinmu cikin Daura. Ba ya fita yawo, ba ya faɗa da ɗan kowa, ba ya zagi, don ko maganar ma ba ya yi. Idan babba ya shigo gida sai ya kawar da kai gefe, ko da wasa ba ya haɗa ido da shi. Ɗinki nake yi a gida, saboda haka kullum tsakar gidana cike yake da mata da 'ya'yansu. Da yaro ya dami uwarsa sai ta nuna nawa da baki.

"Kai, dubi ɗan mutane can! Tun da muka shigo ka ji motsinsa?"

Ni kuma in sunkuya kan keken ɗinki in ce, "Ai shiryarwar Allah ce." A zuciyata kuwa ina ganin har da ƙoƙarina a ciki.

Abin da ba su gani shi ne sauran. Yaron nan yana da layi na ƙwaryar zare, waɗanda na gama amfani da su, da yake jerawa kullum daga bakin ƙofar ɗaki har gindin randa. Kaza ta ture guda ɗaya, to ranar sai maƙwabta sun leƙo ta katanga suna tambayar ko wuta ce ta kama. Idan injin niƙan bayan gidanmu ya tashi, zai toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Abinci kuwa farar shinkafa ce kawai, ba mai ba miya, a kwano ɗaya, ruwa a wani kofi shuɗi da hannunsa ya karye. Duk wannan ni a wurina halin yara ne. Ban taɓa raino ba sai a kansa.

Asirina ya fara tonuwa ranar sunan ƙanwarsa. Gida ya cika da mata, kowa ta tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki kamar yadda aka saba. Ana can ana cin waina, ana guɗa, ba wanda ya tuna da shi. Bayan la'asar mata suka fito za su tafi, sai suka tarar babu takalmi ko ɗaya a inda aka bar shi. Ya kwashe su duka ya jera a jikin katanga, na ƙafar dama layi guda, na hagu layi guda, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ba kuskure ko ɗaya. A ƙarshen kowane layi, can shi kaɗai kamar kwalekwale, ga takalmin wata Hajiya da duk unguwa aka sani da ƙwalisa da tafiyar yanga. Sai da kowa ta ɗauki nata aka bar wannan. Hajiya ta tsaya tana waige-waige kamar ba ta san mai shi ba, har dai ta ga ba mafita, ta zura ƙafa ta fice ba sallama. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba.

Kowa dariya ya yi sai mutum ɗaya. Maƙwabciyata ce, 'yar kudu, matar mai shagon kayan gyaran babur na bakin titi. Tana koyarwa a wata makarantar ƙananan yara, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu. Washegari ta shigo yi mini barka ta biyu, ta zauna tana kallonsa yana juya tayar keken ɗinki da yatsa.

"Maman yara, kada ki ji haushina," in ji ta. "Na ga yara irinsa biyu a ajina. Ki kai shi likita ya duba shi."

Na ji haushinta kuwa. Mako biyu ina amsa gaisuwarta da hanci. Amma maganar ta zauna mini. Wata rana na lallaɓa ta bayan yaron na buga murfin tukunya da ludayi, bai ko motsa ba. Na ce shi ke nan, kurma ne, na shiga ɗaki zan yi kuka. Ina zaune na ɓare alewa don in rage ɗacin baki, sai ga shi a kaina. Daga tsakar gida ya jiyo ƙarar ledar.

Labari ya kai Sandamu, inda iyayen maigidana suke. Inna, surukata, ta iso da sassafe da wata 'yar gora a ɗaure a gefen zane. Ta ce a gidansu idan yaro ya yi nauyin baki, ragowar ruwan da aku ya sha ake ba shi. Ta nemi aku a duk Sandamu ba ta samu ba, saboda haka ta kawo na zakara, tunda shi ma bakinsa ba ya hutawa. Ta juye a kofin silba ta miƙa wa jikanta.

"Karɓi, angona, ka sha ka ce mini ina kwana."

Ango ya dubi kofin, ya ga ba shuɗi ba ne, ya wuce abinsa. Aka ajiye a kan murfin randa. Da azahar maigidana ya dawo daga wurin aikinsa a Mai'adua, rana ta gasa shi a kan babur, ya ɗauka ya shanye tas. Ni da Inna muka dubi juna. Ranar kuwa ya zauna ya ba mu labarin ofishinsu tun daga mai gadi har shugaba, har na fara tunanin maganin yana aiki.

A asibitin garinmu aka duba kunnensa aka ce lafiya lau, aka ba mu takarda zuwa wurin likitar yara a Katsina. Nan ne Baba, surukina, ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Ba za a je a ce takwaransa ba shi da lafiya a bayan idonsa ba.

Baba manomi ne, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Tun da aka kawo ni gidansu, wuri ɗaya na san yana zama, a kan buzu ɗaya, fuskarsa na kallon rumbu. Akushi ɗaya yake cin tuwo a ciki, ya tsage an ɗaure shi da waya, an sayo masa sabo ya ce a ba baƙi. Idan zai ware irin gero, sai ya jera zangarniyar a ƙasa bisa tsawo. Ka tambaye shi ruwan farko na shekarar da aka haifi maigidana, zai faɗa maka ranar da kuma gonar da ya fara sauka. Shi da jikan nan suna iya zama awa biyu kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya ce da wani kanzil, su tashi kowa ransa fes.

Mun tarar da layi a asibitin, iyaye da yara har bakin baranda. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. Da aka kira mu, muka shiga mu huɗu. Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ata ba, da ɗan madubin ido. Ta gaishe da Baba har ƙasa, abin da ya ɗan sassauta masa fuska, sannan ta buɗe takarda ta fuskance ni.

"Idan kin kira sunansa yana waiwayowa?"

Na sunkuyar da kai. "Likita, ɗan fari ne."

"Na gani a rubuce. Yana waiwayowa?"

"Ai ban taɓa kira ba."

Ta ɗago ta dubi maigidana. Ya sosa ƙeya ya ce, "Sunan mahaifina ne, likita. Ga shi nan zaune."

"To wa ke kiran sunansa a gidan?"

Muka shiga lissafi. Ni ina ce masa yaron nan, ko mai sunan Baba. Ubansa na ce masa Malam ƙarami. Inna na ce masa ango. Baba na ce masa takwara. Matan layi na ce masa Shiru-shiru. Sunansa na yanka kuwa, tun ranar da liman ya faɗe shi aka shafa fatiha, ba na jin ya sake shiga kunnensa.

Likita ta cire madubin ta goge ido. Ta ce bari ita ta gwada. Yaron yana tsugune ya juya mana baya, yana bin layin tayil da yatsa. Ta ɗaga murya ta kira sunan.

"Na'am," in ji Baba.

Sai da ta kifa kai a kan tebur. Ta gwada sauran sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da ango, yaro bai waiwayo ba. Ta ci gaba.

"Yana kallon idon mutum idan ana masa magana?"

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa. "Allah ya kiyaye. Mu ba mu haifi mara kunya ba."

"Yana wasa da sauran yara?"

"Yaran yanzu? Gara da bai yi."

"Yana nacewa a kan kwano ɗaya, ko wurin zama ɗaya?"

Baba ya gyara zama. "'Yata, wannan kuma ba ciwo ba ne. Tsari ne."

Maigidana ya kama tari, ni kuma na cusa bakin mayafi a baki. Likita ta dubi Baba ta saman madubi na ɗan lokaci, ta rubuta wani abu.

Ba ranar ta yanke magana ba. Sau uku muka koma. Ta ba shi motar wasa, ya kifar da ita yana juya taya. Ta nuna masa fanka da yatsa, ya kalli yatsan bai kalli fankar ba. Ta hura kumfar sabulu, ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta ba, amma bai juyo ya dubi ɗayanmu ba don mu taya shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi taɓa ni, don sai a lokacin na lura bai taɓa kawo mini wani abu don kawai in gani ba.

A zuwa na uku ta faɗa mana sunan abin: otizim. Ta ce wasu na cewa galahanga, amma mutane sun mayar da kalmar ta kowace irin lalurar yara, shi ya sa ba ta cika amfani da ita ba. Ta ce ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba wani abu na ci da cikinsa ba, ba kuma allurar rigakafi ba ce. Haka ƙwaƙwalwarsa take, tana ɗaukar duniya ta wata hanya daban. Babu ƙwayar da za a sha ya tafi. Akwai dai koyarwa, da haƙuri, kuma gara da muka zo da wuri.

Na yi kuka a gaban surukina, abin da ban taɓa yi ba. Shi kuwa ya nuna ƙofa da sandarsa.

"Waɗancan na waje duk shi ne?"

"Wasu daga ciki, Baba. Kullum ƙaruwa suke."

"To daga ina ya zo? Mu a zamaninmu babu wannan."

"Ban ce na san dalilin duka ba," in ji ta. "Amma da yawa yanzu ne muka iya gane su, iyaye kuma suka fara kawowa. A ƙauyenku babu yaron da ba ya magana, ba ya shiga mutane? Me kuke ce masa?"

Baba ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, muka bi shi zuwa mota. Sai da muka wuce Mashi, yaron ya yi barci a cinyarsa, sannan Baba ya yi magana, idonsa na kan gonakin gefen hanya.

"Ina da ƙane," ya ce. Maigidana ya waiwayo, don bai taɓa jin wannan ba. "Bai yi magana ba sai kalma biyar ko shida. Tumakin gidanmu shi ke kiwonsu, ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Idan ana kiɗan biki sai ya yi ta buga kansa da bango. Aka ce iska ce. An yi masa hayaƙi har idonsa ya lalace. Idan za a yi baƙi, a turke ake ɗaure shi bayan ɗaki." Ya gyara wa yaron hula. "Ni nake ɗaure shi, don ni kaɗai yake yarda in taɓa shi. Bai kai ashirin ba ya rasu."

Da za mu sauka a Daura ne Baba ya riƙe ƙofar mota ya ce da ɗansa, "Amma maganar kwano ɗaya, wannan yarinyar ba ta fahimta ba."

Aiki na farko da likita ta ba mu shi ne mu zaɓi suna ɗaya kowa ya riƙa kira, kuma ta fi son na yankan, don shi za a kira a makaranta. Na ce ni dai bakina ba zai iya ba. Baba ya aiko Inna ta gaya mini ya yafe, in kira, idan ya ji zai san ba da shi ake ba. Ranar farko sai da na rufe ƙofa da taga, na faɗe shi a hankali kamar mai gulma. Kafin wata biyu ina ƙwala shi daga madafa har waje. Wata rana da hantsi, ina tankaɗe, na kira, sai yaron ya juyo ya dube ni. Daƙiƙa ɗaya ce, amma rariyar sai da ta faɗi daga hannuna.

Na je na ba maƙwabciyata haƙuri da kwanon dambu. Ita ta zauna da ni muka yi ta yanke hotuna daga kwalaye da tsofaffin littattafai, kofi, shinkafa, bayan gida, babur, muka manna a kwali. Idan yana son abu sai ya kawo hoton. Ihu ya ragu da rabi. Ya kuma gano da kansa cewa hoton alewa yana aiki, har sai da na ɓoye shi a saman kwaba.

Inna kuwa ta samu sana'a. Kalmar ba ta zauna mata daidai a baki ba, atizan take cewa, amma hakan bai hana ta aiki ba. Cikin wata guda ta gano shi a jikin mutum bakwai a Sandamu, har da mai kiran sallar unguwarsu, da wani jaki da ba ya bin kowace hanya sai ɗaya. Mijinta kaɗai ta tsallake, shi ma na ga tana yi masa wani irin kallo idan yana jera zangarniya.

Ni ma ban tsira ba. Matan da da suke nuna ɗana da baki suka koma shigowa da ɗinki a hannu da tambaya a ciki. Wata ta zauna ta rage murya.

"Nawa ma haka yake. Ki yi ta kira ba zai amsa ba. Ba ya kallona idan ina magana. Abu ɗaya zai riƙe ya wuni yana shafawa da yatsa. Ki taɓa masa shi kuwa, sai ihu."

Gabana ya faɗi. "Shekararsa nawa?"

"Arba'in da bakwai."

Na ce ta ɓoye wa mijin nata cajar wayar ta ga ko zai samu sauƙi. Wata kuma ta kawo ɗanta da ya faɗi jarrabawar lissafi, tana so in tabbatar mata ciwon ne, don ta samu abin faɗa wa ubansa. Yaron ya gaishe ni, ya tambayi kuɗin keken ɗinkina, ya ba ni labarin ƙwallo. Na ce ta saya masa littafi.

Duk wadda ta zo, abu ɗaya nake faɗa mata, ni tela ce, ga inda likita take. Amma a cikinsu akwai wata da ta zo tun daga Dutsi da yadin da bai isa ko ɗankwali ba. Ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta ce tana da 'ya mai shekara shida da ba ta taɓa fitar da ita ƙofar gida ba, dangin miji na cewa daga wajenta aka kwaso. Na ajiye almakashi muka wuni. Da za ta koma wurin likita a Katsina karo na biyu, tare muka je. Har yau muna zumunci, 'yarta ce ke zaɓar mini maɓalli, kuma ba ta taɓa haɗa kala biyu da suka saɓa ba.

Magana ta zo wa ɗana yana da shekara biyar da rabi, kuma ba ta ƙofar da muka yi tsammani ba. Na yi wata da watanni ina koya masa Umma, ina koya masa ruwa. Ran nan shugaban ofishin maigidana ya zo gaishe mu da matarsa, an shimfiɗa musu darduma, an kawo lemo. Yaron ya fito daga ɗaki, ya tsaya a gaban baƙon, ya buɗe baki da murya tar, irin ta lasifikar mai maganin gargajiya da ke wucewa layinmu kowace safiya:

"Ina masu fama da basir? Ina masu kumburin ciki? Ga magani ya zo!"

Baƙo ya ƙware da lemo. Maigidana ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni kuwa na durƙusa na rungume yaron ina kuka ina cewa ya ƙara faɗa. Ya ƙara kuwa, har da farashi.

Likita ta ce haka da yawansu suke farawa, da maganar da suka ji a wani wuri, sannan a hankali su riƙa sa ta inda suke bukata. Haka aka yi. Yanzu shekararsa tara, yana zuwa makaranta rabin wuni, yana karanta duk allon da muka wuce a titi. Akwai ranakun da har yanzu nake shiga ɗaki in rufe ƙofa in zauna, ba zan ɓoye ba. Aski yaƙi ne, kuma ban san yadda rayuwarsa za ta kasance idan babu mu ba. Amma yana faɗin abin da yake so, ko da da bakin wani ne. Idan ya gaji da wuri, kiran 'yan kamasho na tasha yake yi.

Watan jiya muka je Sandamu taron dangi kan bikin wata 'yar ƙanwar maigidana. Tun hantsi ake gardama a kan ko a yi kamu ko kada a yi, murya na hawa kan murya, kowa na rantsuwa. Baba na zaune a gefe kamar an dasa shi. Can yaron ya miƙe tsakiyar tabarma, ya toshe kunne ɗaya, ya ɗaga hannu sama.

"Daura! Daura! Saura mutum ɗaya!"

Baba ya dafa sandarsa ya tashi.

"Direba, jira ni," ya ce.

Suka fice tare suka nufi gona, mu kuma muka ci gaba da maganar kamu har la'asar.